Yaushe Ya Kamata a Buɗe Inji?

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan saman Birtaniya mai tsaron gaɓar teku ta shiga tsaka mai wuya. Jiragen Jamus masu nutso suna ta hallaka jiragen ruwan da ke kawo abinci da makamai daga Amurka, su kuwa manyan jiragen sama samfurin B-24 da ake farautarsu da su, kullum sai a tarar da yawansu a ƙasa, wasu ana gyara, wasu suna jiran layi. Cikin masanan da aka ɗora wa binciken lamarin akwai C. H. Waddington, wanda masanin halittu ne, ba injiniya ba. Sai ya tattaro littattafan gyara, ya jera kowace matsala daidai da awowin da jirgi ya yi a sama kafin ta bayyana.

Dokar lokacin ita ce duk jirgin da ya cika awa 50 yana tashi a shigar da shi sabis. Kowa ya ɗauka matsaloli za su riƙa taruwa ne yayin da awa hamsin ɗin ke ƙaratowa. Abin da takardu suka nuna akasin haka ne: matsala tana yin tsiri da zarar jirgi ya fito daga sabis, sannan ta riƙa raguwa har lokacin wani sabis ɗin ya zo. Duk wanda ya daɗe da sifana a hannu ya san dalili. Noti ɗaya ba a ɗaure shi daidai ba, an ja wata waya an sassauta ta, ƙura ta shiga inda take a rufe, an mayar da wani abu a karkace. Waddington da abokan aikinsa suka ba da shawarar a tsawaita tazarar sabis, a soke binciken da ba ya gano komai, a kuma gyara rubutun umarnin aiki yadda kowane bakanike zai fahimta. Awowin tashi suka ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. Sai dai aikin sirrin soja ne, ba a buga shi ba sai a 1973, don haka masana'antu suka ci gaba da tsohuwar hanya shekaru da dama.

A ɗaya ɓangaren yaƙin ma ana koyon darasi. Robert Lusser, wanda ya yi aikin makamin V-1 na Jamus, shi ake jingina wa ƙa'idar da ke cewa idan sassa suna jere, kowane ya dogara da ɗan'uwansa, to amincin na'ura gaba ɗaya yana fitowa ne daga ninka amincin sassan da juna. Sassa 100, kowane da tabbacin kashi 99 cikin 100, ba za su ba da na'urar da ta wuce kashi 37 ba. Bayan yaƙi sojan Amurka suka sha wahalar rediyo da na'urorin hangen jirage masu aiki da bawul na gilashi, waɗanda ke mutuwa ba sallama. Suka kafa kwamitin AGREE a 1952, kuma rahotonsa na 1957 ne ya mayar da aminci abin da ake aunawa da lamba, a rubuta shi cikin kwangila. Tun a 1951 Waloddi Weibull ɗan Suwidin ya fitar da lissafin da har yau injiniyoyi ke amfani da shi su gane ko wani sashe yana mutuwa ne da jarirantaka, ko da tsufa, ko kuwa ba shi da lokaci.

Amma inda aka yi babbar gwagwarmaya shi ne kamfanonin jiragen fasinja. Aƙidarsu a shekarun 1950 a bayyane take: kowane sashe yana da wa'adi, idan ya kusa cika a cire shi a yi masa garambawul. Idan injuna suka fara mutuwa a sama, maganin da aka sani ɗaya ne, a rage tazarar garambawul. Aka yi ta ragewa, kuɗi yana ta tafiya, mutuwar injuna ba ta ragu ba. A farkon shekarun 1960 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta zauna da kamfanonin don duba bayanan da suka tara, aka tarar cewa ga yawancin na'urori masu sassa da yawa, garambawul na wa'adi bai ƙara musu aminci ba. Tamkar likita ne da ke yi wa mai ƙoshin lafiya tiyata duk shekara don gudun kada ya kwanta ciwo.

Jirgin Boeing 747 ne ya tilasta a yanke hukunci. Girmansa da yawan na'urorinsa sun kai matsayin da idan aka bi tsohuwar doka, ba kamfanin da zai ci riba da shi. A 1968 wakilan kamfanonin jirage da masu ƙera su suka fitar da wata takarda mai suna MSG-1, wadda ke bin kowane sashe da tambayoyi kafin a ɗora masa aikin gyara. Bambancin da aka samu ba ƙarami ba ne. Kafin jirgin DC-8 ya cika awa 20,000, sai kamfanin United Airlines ya kashe awowin ma'aikata sama da miliyan 4 wajen binciken gangar jikinsa. A kan 747, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, awa 66,000 suka isa. DC-8 yana da sassa 339 da dole a yi musu garambawul bisa wa'adi. DC-10 da ya biyo baya, bakwai kacal.

Mutane biyu daga United, Stanley Nowlan da Howard Heap, su suka rubuta wannan ilimi a dunƙule, bisa buƙatar ma'aikatar tsaron Amurka. Rahotonsu ya fito a 1978, kuma daga sunansa aka samo haruffan RCM da ake ji a bakin injiniyoyi ko'ina a duniya. Sun raba yadda sassan jirgi ke lalacewa gida shida. Uku daga ciki suna da alaƙa da tsufa, amma duka ukun kashi 11 cikin 100 ne kawai na sassan. Sauran kashi 89 ba su san kalanda ba. Mafi girman kaso, 68, sassa ne da hatsarinsu ya fi yawa lokacin da suke sababbi ko aka gama taɓa su, idan suka tsallake wannan sai su daidaita. Wato abin da Waddington ya gani shekaru 35 baya, su ma suka iske shi ta tasu hanyar. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: waɗannan alƙaluma na jiragen sama ne, kuma masu ɗaukarsu su liƙa wa injin niƙa siminti ko famfon tura laka ba su kyauta ba, domin inda ƙarfe ke gogar dutse dare da rana, tsufa na nan da ƙarfinsa.

Darajar rahoton ba a alƙaluman take ba kamar yadda take a tambayoyin. Mene ne aikin wannan na'ura a wurin da aka girka ta? Ta wace hanya za ta iya gazawa? Idan ta gaza, me zai faru, rai ne zai salwanta, ko aiki ne zai tsaya, ko kuwa kuɗin sabon sashe ne kawai? Daga amsar ake zaɓa: wani sashen a riƙa sa masa ido, wani a canza shi bisa wa'adi, wani a bar shi da gangan ya yi aiki har ya mutu, wani kuma a koma a sake fasalinsa. Akwai kuma rukunin da ya fi hana injiniya barci, wato na'urorin da mutuwarsu ba ta nunawa: bawul ɗin sauke matsi, ƙararrawar gobara, janareton ko-ta-kwana. Suna iya shekara a mace ba wanda ya sani, sai ranar da aka buƙace su. Maganinsu ɗaya ne, a riƙa gwada su.

Hatsarin taɓa inji bai daɗe ba ya sake bayyana: wata biyar bayan fitar rahoton, ranar 25 ga Mayu 1979, injin hagu na wani DC-10 na American Airlines ya ɓalle yayin tashi daga Chicago, mutum 273 suka rasu. Bincike ya gano cewa kimanin wata biyu kafin nan, an sauke injin haɗe da maƙalinsa da motar ɗaga kaya don rage awowin aiki, kuma a wannan sauke-da-ɗorawa ne maƙalin ya tsage.

Japan ta bi ta wata ƙofa daban. Kamfanin Nippondenso, mai ƙera wa Toyota kayan lantarki, ya ɗauko gyaran riga-kafi daga Amurka, amma da injunansa suka yawaita sai kanikawa suka kasa zagaye su. Sai aka miƙa wa masu tuƙa injin ƙananan ayyuka: sharewa, sa mai, ɗaure abin da ya saki, da kai rahoton duk wani sabon sauti. Kamfanin ya ci lambar yabo a 1971, kuma Seiichi Nakajima ya tsara hanyar ya yaɗa ta da sunan TPM. Baƙo zai ɗauka tsafta ce kawai. Ɗan cikin sana'a ya san cewa hannun da ke goge inji kowace safiya shi ne farkon da zai ji ɗigon mai ko notin da ya fara rawa, kuma a kan inji mai dauɗa ba a ganin tsaga.

Sa ido ɗin nan ya cancanci a dube shi kusa. Boris na famfo ba ya mutuwa farat ɗaya. Da fari wani ɗan ƙwarzane ne zai fito a hanyar da ƙwallayen ke bi, kunne ba ya ji, hannu ba ya ji, amma na'urar auna girgiza tana kama shi, sau da yawa watanni kafin ƙarshe. Daga baya ɓurɓushin ƙarfe ya bayyana a man da aka ɗiba aka kai gwaji. Sannan ƙara ta fito, irin wadda tsofaffin kanikawa ke ji ta hanyar dafa bakin sukudireba a jikin famfo su kanga ƙotar a kunne. Sannan zafi. Idan aka kai ga ƙauri da hayaƙi, magana ta ƙare. John Moubray, wanda littafinsa na 1991 ya fitar da RCM daga filin jirgi zuwa ma'adinai da masana'antu, ya nace a kan wannan tazara da ke tsakanin alamar farko da mutuwa: ita ce ke faɗa wa injiniya sau nawa zai duba, ba shekarun injin ba. Idan tazarar wata huɗu ce, dubawa duk wata biyu ko ƙasa da haka ta wadatar. Yawan son inji ma yana kashe shi. Boris da yawa sun ƙone ne saboda an ɗura musu giris fiye da kima.

Duk da haka kalanda ba ta mutu ba. Matatar mai ba a iya leƙa cikin tukwanenta da bututunta tana aiki, dole a kashe ta baki ɗaya bayan 'yan shekaru a shiga ciki. Wannan shi ne babban gyaran da 'yan Najeriya suka gaji da jin labarinsa game da matatun gwamnati, har da ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Irin wannan aiki idan aka tsallake shi, tsatsa ba ta jiran kasafin kuɗi.

A nan ne kuma sana'ar ta fi shan wahala da masu riƙe da jaka. Kalmar "rage gyara" tana da daɗin ji a ɗakin taro, kuma an sha fakewa da sunan Nowlan da Heap a yanke aikin da ba a yi masa tambaya ko ɗaya ba. A wutsiyar jirgin MD-83 akwai wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke juyawa cikin babban noti, shi ke ɗaga fiffiken baya da sauke shi. Sashe ne da ke cinyewa da gogayya, kuma idan ya saki babu wani da zai karɓe shi. Wato yana cikin 'yan tsirarun da wa'adi ya zame musu dole. A kamfanin Alaska Airlines, tazarar sa masa giris ta tashi daga awa 500 a 1987 zuwa wata takwas a 1996, kimanin awa 2,550, aka kuma tsawaita tazarar auna cinyewarsa. Ranar 31 ga Janairu 2000 haƙoran notin suka zube a sama, jirgin ya faɗa teku kusa da gaɓar Kalifoniya da mutum 88. Da aka tsamo ƙarfen, ragowar haƙoran suna naɗe a jikinsa, babu alamar giris mai amfani a inda yake aiki. Bayan haka FAA ta mayar da tazarar awa 650.

Yau na'urorin auna girgiza da zafi sun yi araha, ana liƙa su a jikin inji su riƙa aika bayani kwamfuta dare da rana, akwai kuma ma'aunin ISO 55000, wanda aka fara fitarwa a 2014, da ke tsara kula da kadarori tun daga saye har zuwa jefarwa. Amma a masana'antu da dama, raunin yana wuri mafi sauƙi, wato takardar rufe aiki. Bakanike ya gama da famfo ƙarfe biyun dare, a gurbin dalilin lalacewa ya rubuta "an gyara". Ba a san boris ne ko roba ce mai hana yoyo ba, ba a san awa nawa sashen ya yi ba, tsohon kuma an jefa shi cikin tarin ƙarafa ba wanda ya fasa shi ya duba. Shi ya sa injiniyan da aka ɗauka aikin aminci a irin wannan wuri yakan kwashe watanninsa na farko ba a gaban kwamfuta ba, sai a bita da sito, yana bin kanikawa da tambaya, yana roƙon a riƙa ajiye masa duk sashen da aka cire da lambar injin a ɗaure a jikinsa.