Jiragen Fito a Zane-zanen Katako na Japan: Tarihin Hanyar Tokaido

Ukiyo-e salon zane ne da ya bunƙasa a Japan a zamanin sarautar gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868. Mai zane yakan zana hoto, masassaƙi ya sassaƙa shi a kan katako, sannan mai bugu ya shafa launi ya danna takarda a kai. Kowane launi da nasa katakon. Da yake ana buga hoto ɗaya da yawa, har talaka na iya saye.

Cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni akwai Utagawa Hiroshige, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1858. A tsakanin 1833 da 1834 aka fitar da jerin hotunansa guda 55 a kan Tokaido, hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto. Tsawonta ya kusa kilomita 500, tana da zango 53.

Ko da yake hanyar ƙasa ce, ruwa ya datse ta a wurare da dama, kuma mahukunta sun bar manyan koguna da yawa babu gada. Yawan ambaliya na cikin dalilan haka, amma akwai kuma batun tsaro, domin wurin fito ya fi sauƙin sa ido.

A hoton zangon Kawasaki, ana ganin jirgin fito ɗauke da fasinjoji a Kogin Tama, ga Dutsen Fuji can nesa. Ambaliya ta cinye gadar wurin tun 1688, aka koma fito. A hoton Mitsuke kuwa, 'yan fito ne ke jira a bakin Kogin Tenryu, hazo ya lulluɓe ɗaya gaɓar.

Hoton Arai ya nuna jirgin wani basarake yana tsallaka bakin Tafkin Hamana, bayinsa na biye a ƙaramin jirgi, ɗaya na hamma saboda gajiya. A gabansu akwai shingen bincike inda ake tsananta wa matan da ke barin Edo da masu shigar da bindigogi.

Fito mafi tsawo shi ne na teku, daga Miya zuwa Kuwana, kimanin kilomita 27. Hiroshige ya zana jiragen da iska ke turawa suna isa tasha a gindin fadar Kuwana. A Kogin Oi kuwa an hana gada, an hana jirgi. 'Yan dako ne ke ɗaukar matafiya a kafaɗa.

Da aka kammala layin dogo na Tokaido a 1889, wannan tsarin tafiya ya shuɗe. Shi ya sa masana tarihi ke komawa ga hotunan nan don ganin siffar jiragen, da tufafin matafiya, da yadda hukuma ta yi amfani da ruwa wajen taƙaita zirga-zirgar jama'a.