Shafshawan: Tarihin Garin da Gardamar Shuɗin Bangayensa

Tun da hotunan Shafshawan suka bazu a intanet, masu yawon buɗe ido ke ta tambayar inda za a sami irinsa, wato tsohon gari mai ƙananan lunguna da aka gina a jikin dutse aka kuma shafe shi da launi guda, kuma yawanci akan nuna musu Sidi Bu Sa'id na Tunisiya, da Jodhpur na Indiya, da ƙauyen Júzcar na kudancin Sifaniya. Wasu daga cikin waɗannan an san lokacin da launinsu ya samo asali: a 2011 ne kamfanin Sony ya shafe Júzcar da shuɗi domin tallar wani fim, mazauna kuma suka zaɓi a bar shi haka, yayin da fari da shuɗin Sidi Bu Sa'id suka kafu bayan dokar kare garin ta 1915, wadda Baron d'Erlanger ya tsaya mata. Na Shafshawan ne ake gardama a kansa, gardamar kuma ta sha gaban tarihin da ya fi fentin daraja.

Maulaye Ali ɗan Rashid, wani sharifi, shi ya kafa garin a duwatsun Rif na arewacin Maroko a 1471, shekarar da Turawan Fotugal suka ƙwace Asila da Tanja, alhali Sabta tana hannunsu tun 1415. Abin da ya fara ginawa shi ne ƙasba, wato gida mai ganuwa da hasumiya inda mayaƙa ke fakewa, domin daga nan a riƙa kai wa 'yan mamaya hari. Da Garnaɗa ta faɗi a 1492, Musulmi da Yahudawan Andalus da aka kora suka kwararo, suka zo da salon gininsu na rufin jan ƙasa da tsakar gida.

A wannan gari aka haifi 'yar Maulaye Ali da tarihi ya sani da Sayyida al-Hurra, laƙabin da ake ba mace mai riƙe da mulki da kanta. An aurar da ita ga al-Mandari, hakimin Tiɗwan, kuma da ya rasu sai ta ci gaba da mulkin birnin, tana ɗaure wa jiragen da ke kai hari kan na Sifaniya da Fotugal gindi, tana kuma yin ciniki da su kan kuɗin fansar fursunoni. Littattafan yawon buɗe ido sun fi son kiran ta sarauniyar 'yan fashin teku, amma wannan suna bai yi mata adalci ba, domin a wancan zamani kama jiragen abokan gaba da karɓar fansa hanya ce ta yaƙi da ta samun kuɗin shiga wadda kowane ɓangare na Bahar Rum yake bi, kuma waɗanda take kamawa 'yan ƙasashen da ke riƙe da tashoshin ruwan ƙasarta ne. Girman matsayinta ya bayyana a 1541, lokacin da Sarkin Fas, Ahmad al-Waɗɗasi, ya nemi aurenta, ya kuma taso da kansa zuwa Tiɗwan aka ɗaura auren a can, abin da sarakunan Maroko ba su saba yi ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1542, wani daga dangin mijinta na fari ya tumɓuke ta, ta koma garin mahaifinta inda ta ƙarasa rayuwarta.

Game da shuɗin kuwa, riwayoyi uku ne suka fi yawo. Wasu na cewa Yahudawa ne suka kawo shi don tunawa da sama da Ubangiji, wasu na cewa yana korar sauro, wasu kuma na cewa a 'yan shekarun baya ne ya game garin saboda baƙi. Batun sauro ba shi da wata hujja mai ƙarfi. Riwayar Yahudawa tana da ƙamshin gaskiya, tun da sun daɗe a garin suna da unguwarsu da ake kira malla, sai dai tana iya bayyana shuɗin unguwa guda ne kawai, kuma yawancinsu sun bar garin bayan 1948. Abin da ya fi kama hankali shi ne shaidar dattawan garin da ke cewa sun tashi sun tarar da yawancin gidajen da farar ƙasa, shuɗin ya yaɗu ne daga baya da baƙi suka fara yawaita.

Garin da yau ke rayuwa da kuɗin baƙi ya shafe ƙarnoni yana hana Kiristocin Turai shiga, har ta kai wani Bature, Charles de Foucauld, sai da ya yi shigar malamin Yahudawa kafin ya shiga cikinsa a 1883. Sojojin Sifaniya sun shiga a 1920, mayaƙan Abdulkarim al-Khaɗɗabi, jagoran mutanen Rif, suka tilasta musu janyewa a 1924, suka dawo a 1926, suka zauna har Maroko ta sami 'yancin kai a 1956.