Tarihin wani ƙaramin kantin littattafai da mutanensa

 

Mun sha kawo muku tarihin sarakuna da na mayaƙa. Yau za mu kawo muku tarihin masu kanti. Kantin ƙarami ne, yana birnin Paris, a ƙasar Faransa. Ba a sayar da gero ko atamfa a cikinsa, sai littattafai. Sunansa Présence Africaine. Ma'anar sunan a Hausa ita ce: ga Afirka nan, a san da zamanta.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kantin da ke Paris? Ku yi haƙuri ku saurara. Kafin mu gama za ku ji sunan Gobir a cikin labarin.

Mutumin da ya soma aikin

Sunansa Aliyun Jop. An haife shi a garin Senluwi na ƙasar Senegal a shekarar 1910. Da yana yaro ya yi karatun allo. Daga baya ya shiga lakwal. Ya yi karatu mai zurfi a birnin Alje, sannan ya wuce Paris. Ya yi aikin koyarwa. Daga 1946 zuwa 1948 ya wakilci Senegal a majalisar dattawan Faransa.

A wancan zamani ƙasashenmu suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Kusan duk littafin da ya yi maganar Afirka, Bature ne ya rubuta shi, Bature ya buga shi, Bature ya sayar da shi. Wasu ma suna cewa baƙar fata ba shi da tarihi. In ɗan Afirka ya yi rubutu, da wuya ya sami mai buga masa. Wannan abu ya dami Aliyun Jop ƙwarai.

A ƙarshen shekarar 1947 shi da abokansa suka fitar da mujalla. Mujalla kamar jarida take, amma ta fi kauri, kuma ba kullum take fitowa ba. Suka sa mata suna Présence Africaine. A 1949 suka ƙara gaba, suka soma buga littattafai da kansu.

Matar da ta riƙe gida

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aliyun Jop yana da mata, sunanta Kiristiyan Yande Jop. An haife ta a Duwala ta ƙasar Kamaru a 1925. Sun yi aure a 1945. Tun farkon aikin tana tare da shi. Mijin yana yawan tafiya, yana taro, yana neman marubuta. Ita kuma tana cikin masu tsaye a kan aikin yau da kullum.

Tana da ƙane mai rubuta waƙoƙi, sunansa Dabid Jop. Gidan ya buga waƙoƙinsa a 1956. Ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Dakar a 1960, yana matashi. Da ba a buga wancan ɗan littafi ba, da ba mu san irin basirarsa ba. Har yau ana karanta waƙoƙinsa a makarantun Afirka.

Littattafan da suka tada ƙura

A 1954 gidan ya buga littafin wani matashi ɗan Senegal, Shek Anta Jop. A cikinsa ya kawo hujjoji cewa mutanen tsohuwar Masar, masu gina dala, baƙaƙen fata ne. Manyan malaman Turai da yawa ba su so maganar ba. Aliyun Jop bai ji tsoro ba, ya buga. Yau babbar jami'ar Dakar tana ɗauke da sunan Shek Anta Jop.

A 1955 suka buga littafin Eme Sezar, mutumin tsibirin Martinik, wanda ya tona mugun halin mulkin mallaka. A 1960 suka buga labarin Sunjata, sarkin tsohuwar daular Mali. Jibril Tamsir Niyan na ƙasar Gine ne ya rubuta shi, daga bakin wani maroƙi. Ku lura da wannan da kyau. Abin da maroƙi ya riƙe a kai, shi aka sa a takarda, duniya ta karanta. A 1966 kuma suka fitar da shahararren littafin Cinuwa Acebe na Najeriya cikin Faransanci, don mu da muke ƙasashen renon Faransa mu san abin da maƙwabtanmu suke rubutawa.

Ba a buga littafi kaɗai suka tsaya ba. A watan Satumba na 1956 suka kira babban taron marubuta baƙar fata na farko a jami'ar Sorbon ta Paris. Mutane suka zo daga Afirka, da Amurka, da tsibiran Karibiyan. Sangor ya zo, Sezar ya zo, Amadu Hampate Ba ya zo. Taro na 2 an yi shi a birnin Roma a 1959. A 1966 kuma Aliyun Jop yana cikin manyan da suka shirya bikin al'adun baƙar fata na duniya a Dakar.

Buɗe kanti

Buga littafi rabin aiki ne. In ba a kai shi hannun mai karatu ba, kamar hatsi ne da aka rufe a rumbu ana kwana da yunwa. Saboda haka a farkon shekarun 1960 suka buɗe kanti a unguwar ɗalibai ta Paris. Titin da yake sunansa Titin Makarantu, ba nisa da jami'ar Sorbon.

Ɗaliban Afirka suka mai da wurin kamar gindin bishiyar hira. Ɗan Kamaru yana gamuwa da ɗan Mali a can. Ɗan Madagaska yana gamuwa da ɗan Haiti. A can ake jin wane littafi ne ya fito, wane ne ya rubuta, me ya ce.

To, mene ne aikin masu tsaron irin wannan kanti? Mu duba tare.

Da safe akwatuna suna isowa daga maɗaba'a. Sai ma'aikaci ya buɗe, ya ƙirga, ya duba ko lissafi ya cika. Ya jera kowane littafi a wurinsa: tarihi gefe guda, waƙoƙi gefe guda, na yara gefe guda. Ya share ƙura. Ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ya ɗaure ƙunshin da za a aika wasu ƙasashe ta gidan waya.

Amma babban aikinsa shi ne sanin kayansa. Mai sayar da goro ya san fari, ya san ja, ya san wanda zai kwana. Haka mai sayar da littafi. Mutum zai shigo ya ce, ina neman labarin Askiya Muhammadu, amma ban san sunan littafin ba. Ma'aikacin kirki zai miƙa hannu ya ciro masa. Ba zai iya haka ba sai in shi ma yana karatu.

Ribar kuwa ba ta da yawa. A Faransa, in an sayar da littafi, wajen kashi 1 cikin 3 na kuɗin ne yake zama a hannun mai kanti. A ciki zai biya kuɗin haya, da albashi, da wuta, da kuɗin dako. Abin da ya rage kaɗan ne. Wani littafi yakan yi shekara a kan kanta ba a taya shi ba. Shi ya sa manyan kantuna suke iya danne ƙanana ta hanyar karya kuɗi. A 1981 Faransa ta yi doka a kan haka. Dokar ta ce mai buga littafi shi zai yanka masa kuɗi, kuma mai sayarwa ba zai rage fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Wannan doka ta taimaki ƙananan kantuna su rayu.

Inda labarin ya zo gida

Kun san sunan Bubu Hama. An haife shi a Foneko, kusa da Tera, a 1906. Malamin makaranta ne, kuma ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har zuwa 1974. Ya rasu a 1982. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai yana ɗauke da sunansa. Ya yi ta tattara labarun bakin tsofaffi da tsofaffin takardu, yana rubutawa.

Wa ya buga masa da yawa daga cikin littattafansa? Présence Africaine. A 1967 suka fitar da littafinsa na tarihin Gobir da Sakkwato. Suka buga na tarihin Zabarmawa da Songai, da na Abzinawa, da labarin rayuwarsa mai suna Kotia-Nima. Ta haka labarin Gobirawa ya fita daga zaure, ya hau kantar littattafai a Paris. Ɗalibin da bai taɓa taka Tsibiri ba ya sami inda zai karanta tarihinta.

Bayan mai gida

Aliyun Jop ya rasu a Paris ranar 2 ga watan Mayu na 1980. Aka kai gawarsa Senluwi, garin haihuwarsa. Sau da yawa in mai sana'a ya mutu, sana'ar takan bi shi. Wannan karo ba haka aka yi ba. Matarsa Kiristiyan Yande ta karɓi ragamar gidan, ta riƙe shi shekaru masu yawa. Daga baya ƴarsu Suzan ta shigo tana kama mata.

Wahala ba ta ƙare ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Da can sefa 50 ke sayen faran 1 na Faransa, sai ya koma sefa 100. Dare ɗaya littafin da ke zuwa daga Paris ya ninka kuɗi a kasuwanninmu. Masu saye suka ragu. Duk da haka kantin bai rufe ba. Ya haura shekara 60 a kan titinsa. A Senegal kuma an sa wa jami'ar garin Bambe sunan Aliyun Jop.

Abin da za mu ɗauka

Ƴan'uwa, mu ma muna da namu masu wannan sana'a. Ku duba bakin masallacin Juma'a, ko cikin babbar kasuwa, ko bakin tasha. Za ku ga mutum ya shimfiɗa tabarma, ya jera littattafai. Ga na Larabci, ga na ajami, ga na boko da aka ɗauko daga Kano da Zariya. Rana tana dukansa, iska tana watsa masa ƙura. Shi ne gadar da ke tsakanin mai rubutu da mai karatu.

Ku da kuka iya karatu yanzu, ku riƙa tsayawa wurinsa. Ku gaishe shi, ku tambaye shi abin da ke cikin kayansa. In kuɗin mutum ɗaya bai isa ba, ku haɗu ku 5 ko ku 10 ku sayi littafi guda, ku riƙa karɓa-karɓa. Karatun da ba a yi masa bita, gudu yake yi. In ba mai saye, mai tabarma zai naɗe tabarmarsa ya koma sayar da wani abu, mu kuma mu rasa abin karantawa.

In kun zauna da malaminku, ku yi shawara a kan tambaya guda: wane tsoho ne a garinku ya san tarihin da ya kamata a rubuta tun yana da rai, kuma wa zai rubuta?

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.