Yadda Kanawa Suka Karɓi Soja A Zamanin Yaƙin Hitila

Cikin shekarar 1940, sa'ad da Jamus ta ci Faransa, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingilishi. Saboda haka suka riƙa sauke jiragen sama a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Yerwa, da Fallomi, da Hartum, har su isa Masar. Kano ta zama zango. Matuƙa jirgi da makanikai suka cika filin jirgi, daga baya mutanen Amurka suka zo suka tarar da su. Ga kuma sojan ƙasa baƙar fata, gama har 1942 ƙasar Nijar tana hannun Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus, tilas a tsare iyaka.

A lokacin nan Alhaji Abdullahi Bayero ke bisa gadon sarauta. To, gari bai tsaya ga ciyar da baƙin nan kaɗai ba, har ya ɗebe musu kewa. Ran Salla sukan zo kallon hawa, su ga 'yan lifida da 'yan sulke, su ji kakaki da algaita, su ga hakimai suna jahi a Ƙofar Kudu. Sauran ranaku sukan shiga Kasuwar Kurmi su sayi aikin dukawa, su leƙa marinar Ƙofar Mata, su hau Dala su hangi badala. Sojan ƙasa kuwa, yawancinsu 'ya'yan manoma ne da aka rabo da gida, abin da suka fi so shi ne dandali, inda ake dambe da kokawa da kiɗan kalangu, su ji kamar suna garinsu.

Amma karɓar soja ba kamar karɓar fatake ba ce. Soja yana da kuɗi a hannu, bai san al'adar gari ba, alƙali kuma ba shi da ikon yi wa Bature shari'a. Ga gishiri da tufafi sun yi tsada, talaka yana ji a jikinsa. Da an yi sakaci, ƙaramar magana a kasuwa ta isa ta tā da fitina. Abin da ya tsare gari shi ne iyaka: giya ba ta shiga cikin birni, sai Sabon Gari, gidan mutum kuma ba a ƙetare zaurensa. Tsaron wannan iyaka ya faɗa kan masu unguwa, da 'yan doka, da tafintoci, da malaman En'e, waɗanda suka riƙa kashe magana tun ba ta kai gaban Joji ba.

Yaƙi ya ƙare cikin 1945, baƙi suka watse, gari ya zauna da mutuncinsa. Ma'aikatan nan ba su riƙe bindiga ba, ba a kuwa rataya musu lambar girma ba, amma sun ɗauki nasu rabo na yaƙin. Allah ya jiƙansu da rahama, amin.