Kallabi Tsakanin Rawuna a Labaran Yaƙin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa sutura ce ke fara shaida ko wane ne mutum. Riga da wando da hula na namiji ne, zane da kallabi na mace. Rawani kuwa alamar mulki ne, shi ya sa ake cewa an naɗa sarki. A Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu, barde ba ya cika sai da sulke da kwalkwali, dokinsa kuma da lifidi.

Littattafan farko da suka ba da labarin zuwan Turawa sun bi wannan tsari. A Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, fagen fama na maza ne, jarumta kuma tana tafiya da doki da takobi da laya.

Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932 kuma ɗan jam'iyyar Sawaba, ya juya lamarin a littafinsa Sarraounia, da aka buga da Faransanci a 1980. Tushen labarin gaskiya ne. A Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta far wa garin Lugu na Azna, mazaunin Sarauniya Mangu. Ita ce rundunar da ta nausa gabas ta Tasawa, bayan mutuwar shugabanninta biyu ta karya mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, tsakanin Takieta da birnin Damagaram, a ƙarshen Yuli.

A Lugu, sarautar Sarauniya ta tsafi ce da killace kai a ɗaki. Mamani ya fito da ita fili. A littafin, namiji ne mai suna Dawa ya raine ta, ya koya mata harbi da sanin magani, har ta rataya kwari da baka, kayan da al'ada ta keɓe wa maharba da mayaƙa. Duk da haka ba ta ɓad da kama ta zama namiji ba, da sunanta na mace ta ja dakaru.

Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, ya kafa wannan siffa a idon jama'a. Ita ce siffar da yawancin 'yan Nijar suka san Sarauniya Mangu da ita a yau.