Fina-finan ban tsoro na farkon ƙarni na 21

Fina-finan ban tsoro na farkon ƙarni na 21 su ne fina-finan da aka shirya tsakanin shekarar 2000 zuwa wajen 2010 da nufin firgita mai kallo, ta hanyar labarin fatalwa, aljanu, mayu, matsafa, gawarwaki masu tafiya ko kuma mutane masu kisa ba gaira ba dalili. Masu sharhin fim suna ware wannan zango daban saboda abubuwa uku da suka haɗu a cikinsa: tasirin fina-finan Asiya a kan Hollywood, arahar kyamarar dijital wadda ta bai wa masu ƙaramin jari damar shiga harkar, da kuma muhawara mai zafi a kan iyakar zubar da jinin da ya dace a nuna. A Najeriya lokacin ya zo daidai da bunƙasar fina-finan bidiyo a Legas da Kano, da kuma kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001.

Asali

Fina-finai biyu na ƙarshen shekarun 1990 ne suka share fage. Na farko shi ne Ringu, wanda Hideo Nakata ya ba da umarni a Japan a 1998. Labarin wani kaset ɗin bidiyo ne wanda duk wanda ya kalla zai mutu bayan kwana bakwai. Na biyu shi ne The Blair Witch Project na 1999, wanda aka shirya kamar hotunan da wasu ɗalibai uku suka ɗauka da kansu kafin su ɓace a daji. An kashe masa kuɗi kaɗan, ya kuma tara kusan dala miliyan 250 a duniya. Kamfanonin fim sun fahimci cewa fim ɗin tsoro ba ya buƙatar shahararren jarumi kafin ya yi kasuwa.

Guguwar Asiya

Fatalwar fina-finan Japan ba ta zuwa da wuƙa ko gatari. Galibi mace ce cikin fararen kaya, gashinta ya rufe mata fuska, an zalunce ta tana raye, ta dawo da ƙullin da ba ya bambanta mai laifi da marar laifi. Wannan siffa ta bayyana a Ju-On: The Grudge na Takashi Shimizu a 2002. A wannan shekarar Nakata ya fitar da Dark Water, labarin wata uwa da 'yarta a gidan haya mai yoyo, wanda baƙin cikin da ke cikinsa ya fi firgicin yawa. Kiyoshi Kurosawa kuma ya yi Kairo a 2001, inda matattu ke shigowa duniyar masu rai ta intanet.

Koriya ta Kudu ta fitar da A Tale of Two Sisters na Kim Jee-woon a 2003, a kan 'yan mata biyu da matar ubansu, jigon da mai sauraron tatsuniyar Hausa ba zai ji shi baƙo ba. Tailan ta fitar da Shutter a 2004.

Hollywood ta sayi haƙƙin da yawa daga cikin waɗannan labarai ta sake shirya su da Turanci. The Ring na Gore Verbinski, wanda Naomi Watts ta fito a ciki a 2002, shi ne ya fi samun karɓuwa wurin masu kallo da masu sharhi. The Grudge ya biyo baya a 2004, kuma Shimizu ɗin ne da kansa ya ba da umarni. Waɗanda suka zo daga baya ba su yi armashi ba. Ƙorafin da aka fi yi shi ne cewa an cire shirun da jinkirin da ke sa fim ɗin asali ya shiga jiki, an maye gurbinsu da ƙarar kiɗa mai razanarwa da siddabarun kwamfuta.

Fina-finan azabtarwa da muhawarar da suka jawo

A 2004 wasu matasa biyu da suka taso a Ostireliya, James Wan da Leigh Whannell, suka fitar da Saw. An ɗauke shi cikin kwana 18 da kuɗin da ya ɗan haura dala miliyan 1, ya kuma samar da fiye da dala miliyan 100. Labarin wani mutum ne da ake kira Jigsaw, mai saka mutane cikin tarko yana tilasta musu su zaɓi tsakanin rayuwarsu da wani sashe na jikinsu. Daga nan aka riƙa fitar da ci gabansa duk watan Oktoba har zuwa kashi na bakwai a 2010. Hostel na Eli Roth, na 2005, ya nuna matasan Amurka 'yan yawon buɗe ido da aka sayar wa attajirai su azabtar a ƙasar Silobakiya, abin da ya fusata jami'an ƙasar.

A 2006 David Edelstein na mujallar New York ya laƙaba wa wannan rukuni sunan da ma'anarsa ita ce batsar azaba, kuma sunan ya bi su. Abin da yake nufi shi ne kyamara tana tsayawa a kan raɗaɗin mutum kamar yadda fim ɗin batsa ke tsayawa a kan tsiraici. Roger Ebert, wanda ya fi kowane mai sharhi suna a Amurka a lokacin, bai ba sabon The Texas Chainsaw Massacre na 2003 da Wolf Creek na 2005 ko tauraro ɗaya ba.

Masu kare fina-finan sun kawo hujjar cewa sun fito ne bayan harin 11 ga Satumba 2001, a daidai lokacin da hotunan cin zarafin fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi suka bazu a 2004, don haka madubi ne na abin da al'umma ke gani a labarai. Hujjar tana da ƙarfi a kan wasu fina-finan, kamar Martyrs na Faransa na 2008, wanda ke tambaya a kan ma'anar wahala. Tana da rauni a kan jerin ci gaban da aka riƙa fitarwa shekara-shekara, inda abin da ke sauyawa kawai shi ne irin tarkon.

Turai da kyamarar hannu

Sifaniya ta bi wata hanya daban. The Others na Alejandro Amenábar, na 2001, da The Orphanage na J. A. Bayona, na 2007, kusan babu jini a cikinsu. Tsoho gida ne, da duhu, da uwa mai tsoron rasa 'ya'yanta. A Birtaniya Danny Boyle ya ɗauki yawancin 28 Days Later na 2002 da ƙananan kyamarorin dijital, ya nuna titunan Landan babu kowa bayan ɓarkewar wata cuta. Shi ne ya yaɗa salon masu cutar da ke bin mutum da gudu, saɓanin gawarwakin tsofaffin fina-finai masu jan ƙafa. The Descent na Neil Marshall, na 2005, da Let the Right One In na Siwidin, na 2008, suna cikin waɗanda masu sharhi suka fi yabawa a zangon gaba ɗaya.

Salon kyamarar hannu ya dawo da Rec na Sifaniya a 2007 da kuma Paranormal Activity na Oren Peli. Peli ya ɗauki fim ɗinsa a cikin gidansa da kimanin dala 15,000. Da kamfanin Paramount ya sake shi a sinimomi a 2009 ya tara fiye da dala miliyan 190.

Indiya da ƙasashen Musulmi

Ga masu kallo a ƙasar Hausa, waɗanda suka saba da fina-finan Indiya tun zamanin sinimomin Kano, ta Bombay aka fi sanin wannan salo. Raaz na Vikram Bhatt, na 2002, ya haɗa fatalwa da soyayya da waƙoƙi, ya kuma yi kasuwa sosai. Ram Gopal Varma ya fitar da Bhoot a 2003 ba tare da waƙa a cikin labarin ba, abin da ba a saba gani ba a fim ɗin Indiya. Bhool Bhulaiyaa na 2007, da Akshay Kumar da Vidya Balan, ya fara kamar labarin shafar iska ya ƙare da bayanin likitan ƙwaƙwalwa.

A Turkiyya an samu rukunin da ya ɗauko abin tsoronsa daga aƙidar Musulunci a kan aljanu da sihiri, maimakon cocin Katolika da fada mai fitar da shaiɗan da aka saba gani a fina-finan Amurka. Dabbe na Hasan Karacadağ, na 2006, da Musallat na 2007 suna cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa.

Kudancin Najeriya

Masana'antar Nollywood da labarin tsafi ta fara. Living in Bondage na 1992 labarin mutum ne da ya ba ƙungiyar asiri matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Nneka the Pretty Serpent ya biyo baya a 1994. A farkon shekarun 2000 wannan jigo ya cika kasuwa, kuma tsarin kusan ɗaya ne: a yi tsafi, a sami dukiya, masifa ta biyo baya, fasto ya zo ya karya abin da addu'a.

A nan ne tambayar ko fim yana cutarwa ta wuce muhawarar masu sharhi. End of the Wicked na 1999, wanda kamfanin mai wa'azi Helen Ukpabio ya shirya, ya nuna yara a matsayin mayu masu cin naman mutane da dare. Masu kare haƙƙin yara sun zargi irin wannan fim da rura wutar tsangwamar yara da sunan maita a jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba, kuma wani shiri da tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna a 2008 ya kai maganar idon duniya. Ukpabio ta musanta zargin.

The Figurine na Kunle Afolayan, na 2009, ya ɗaga darajar salon. Wasu masu yi wa ƙasa hidima ne suka tsinci gunki wanda aka ce yana ba da shekara bakwai na arziki da shekara bakwai na bala'i, kuma fim ɗin ya bar wa mai kallo ya yanke hukunci ko gunkin ne ya yi aiki ko hassadar ɗan'adam. Ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar AMAA ta 2010.

Ƙasar Hausa

Kayan aikin labarin tsoro ba su yi wa Bahaushe ƙaranci ba. Akwai dodon tatsuniya, da maye mai kama kurwa, da aljanin tsamiya ko na kuka, da fatalwa, da iskokin bori. A tsakiyar shekarun 1990 labarin aljana Sumbuka, wadda aka ce tana shiga 'yan matan makarantun sakandare, ya karaɗe Kano, ruƙiyya kuma ta yi tashe a bainar jama'a. Duk da haka Kannywood ba ta gina rukunin fim ɗin tsoro mai zaman kansa ba kamar yadda ta gina na soyayya da na barkwanci.

Dalili na farko shi ne kasuwa. Bayan nasarar Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, rawa da waƙa da rikicin aure ne ke sayar da kaset. Na biyu shi ne kuɗi da kayan aiki, domin aljanin da aka haɗa da kwamfuta mai rauni dariya yake ba mutane, shi ya sa boka da aljani suka fi zama a fina-finan camama. Na uku shi ne sa ido. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci a watan Disamba na shekarar, sannan ta kafa hukumar tacewa a 2001. An ƙara tsaurara dokoki daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar. Mai shirya fim da ya nuna tsafi yana cin nasara zai iya fuskantar zargin tallata shirka, don haka a inda aka nuna boka ko matsafi, ƙarshensa tozarta ne ko tuba, malami kuma ya yi rinjaye da addu'a.

Masanin nan ɗan Jamus, Matthias Krings, ya yi nazari a 2005 a kan wani rukuni da ya bayyana bayan zuwan shari'a, inda ake nuna karo tsakanin Musulmi da masu bautar gumaka a wani zamani da ya shuɗe, labarin ya ƙare da musuluntarsu. A cikin irin waɗannan fina-finai ne aka fi aro siffofin fim ɗin tsoro, har da masu shan jini. Wannan siffantawa tana da nauyi a zahiri, domin har yanzu akwai Maguzawa a ƙauyukan kudancin Kano, waɗanda manoma ne maƙwabtan Musulmi, ba dodannin da allo ke nunawa ba.

Fina-finan ƙetare kuwa sun iso ta faifan CD da DVD, waɗanda ake cusa fim da yawa a faifai guda, daga kasuwannin birnin Kano zuwa gidajen kallo masu aiki da janareta a ƙananan hukumomi irin su Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Inda masu kallo ba sa jin Turanci, fim ɗin da labarinsa ke bayyana a ido ya fi tafiya, irin su Wrong Turn na 2003, na matafiyan da suka kauce hanya suka faɗa hannun miyagu a daji. Wanda ya taɓa ratsa Dajin Falgore da dare a hanyar Kano zuwa Jos ba ya buƙatar a fassara masa wannan fargabar. Bayan 2010 fassarar Indiya-Hausa, wadda kamfanin Algaita ya yi fice a kanta, da masu tura fina-finai a waya sun kawar da shingen harshe.

Bayan 2010

James Wan ya bar salon azabtarwa ya koma ga gidaje masu aljanu da Insidious a 2010 da The Conjuring a 2013. A Najeriya an koma ga tsofaffin labaran: Ramsey Nouah ya ba da umarnin Living in Bondage: Breaking Free a 2019, aka kuma sake shirya Nneka the Pretty Serpent a 2020. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta sanar da ƙa'idojin da suka hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi a fina-finan Najeriya.