Gyambon Ƙafa Mai Cin Ƙashi: Tarihin Jinyarsa

Gyambon tafin ƙafa da ke cin nama har ya kai ƙashi ya fi kama mutanen da jijiyoyin ƙafarsu suka daina jin zafi. A ƙasar Hausa an fara saninsa ne a jikin masu kuturta, yanzu kuma an fi ganinsa wurin masu ciwon suga.

A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi riƙon sansanonin masu kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Jinyar lokacin ba ta wuce wanke miki, a ɗaure, a ciro guntun ƙashin da ya mutu ba. In abin ya gagara, sai a yanke. Maganin dapsone, wanda Dokta John Lowe ya gwada a Uzuakoli a ƙarshen shekarun 1940, ya danne ƙwayar cutar kuturta, amma bai farfaɗo da matacciyar jijiya ba. Mutum ya warke, gyambo na nan.

Wanda ya warware wannan shi ne Paul Brand, likitan tiyata ɗan Ingila da ya yi aiki a Vellore ta Indiya. Ya nuna cewa ba kuturta ce ke cinye yatsu kai tsaye ba: mutum ne ke taka rauni bai sani ba, kullum yana ƙara famarsa, har mugunya ta kai ƙashi. Daga nan hutar da ƙafa cikin filasta da takalmi mai taushin ciki suka zama rabin magani. Da ya koma Carville ta Amurka a tsakiyar shekarun 1960, aka ɗora dabarar kan masu suga.

Yau likita kan zura siririn ƙarfe cikin mikin. In ya taɓa ƙashi, zaton cewa ƙashin ya kamu ya ƙarfafa. Sai hoton ƙashi, a kankare ruɓaɓɓen wuri, a ba da maganin ƙwayoyin cuta na kimanin mako 6.

Hutun ƙafar ne ke da wuya. Manomin Tsiga ko na karkarar Malumfashi da ya taka ƙaya ko kututturen dawa ba zai ajiye fartanya da damina ba saboda mikin da ba ya masa zafi. Sau da yawa sai wari ya tashi ake nufar asibitin Funtuwa, daga can a tura asibitin Shika ko na Dala, lokacin da ƙashin ya riga ya kamu.